Yaron da Aji Ya Yi wa Kaɗan

A makarantunmu, yaron da karatu ya yi wa nauyi bai rasa masu tausaya masa. Malami zai dawo da shi bencin gaba, uwa ta nemo masa mai lesin, in ta kama a sa shi ya maimaita aji. Amma yaron da kafin malami ya gama rubuta tambaya a allo ya riga ya san amsa, ba wanda yake ganin yana da damuwa. Sai a ce, "Ai wannan Allah Ya yi masa baiwa, a bar shi kawai." Na koyar har na yi ritaya, kuma cikin yaran da aka riƙa kawo mini ofis da ƙarar surutu, ko barci a aji, ko gardama da malami, da yawansu irin waɗannan ne. Zaman banza ke jefa su a rigima.

Abin ya fi muni a ƙaramar sakandare, tsakanin shekara 11 zuwa 14. A firamare ana tafa wa yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana jin daɗi. Da ya shigo aji ɗaya sai abokai su fara ce masa mai iyayi. Yarinya kuwa takan daina ɗaga hannu gaba ɗaya don kada ƙawaye su ware ta. Mafi haɗari shi ne yaro ya saba cin jarabawa ba tare da ya buɗe littafi ba. Na ga waɗanda suka tafi a haka har jami'a, ranar da suka gamu da darasin da ya fi ƙarfinsu suka rasa yadda ake zama a yi naci, domin ba su taɓa koyo ba.

Mu da muka fara da makarantar allo mun san wani tsari dabam. A gaban malam ba a ɗaure yaro da sa'o'insa. Ka biya, in ya zauna ka wanke allonka a ƙara maka, ko da na kusa da kai yana nan a wuri ɗaya tun makon jiya. Shi ya sa ake samun mai shekara goma sha biyu ya sauke, wani kuma sai ya fara gemu. Boko ta zo da aji da ƙararrawa da manhajar zango, kowa shafi ɗaya a rana ɗaya. Tana da dalilinta, malami ɗaya ba zai bi yara tamanin ɗaya bayan ɗaya ba. Amma an yi asarar wani abu a nan.

Gwamnati ta san da maganar. Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka sa yara masu baiwa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. A shekarar ce Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. A 1990 aka buɗe makarantar haziƙai ta tarayya a Suleja, Jigawa ma ta kafa tata a Bamaina. To amma gurabe nawa ne a ciki? Mafi yawan yaran nan a makarantar unguwa za su zauna, a nan kuma ya kamata a nema musu haƙƙinsu.

Wata jikata da ke aji biyu, uwarta ta kawo mini littafinta na lissafi tana ƙorafi. Aikin aji an yi shi a gurguje, rubutu kamar tafiyar kaza, amma duk daidai. Shafukan baya kuwa yarinyar ta cika su da wasu tambayoyi da ta kwafo daga tsohon littafin yayanta na babbar sakandare, tana warware su a ɓoye lokacin darasi. An kama ta har an yi mata bulala.

Ubanta ya so ya je ya yi faɗa, na hana shi. Malamin da aka kunyata a gaban shugabansa a kan ɗanka zai huce. Na fara zuwa wurin malamin lissafin shi kaɗai, bayan an tashi, na miƙa masa littafin ban ce komai ba. Ya daɗe yana juya shafukan, sannan ya ce, "Baba, wa yake koya mata wannan?" Na ce, "Malam, ai abin da ya kawo ni ke nan. Ba kowa." Tare muka shiga wurin shugaban makarantar.

Kalmar "baiwa" ban furta ta ba a ofis ɗin, domin kowane uba gani yake ɗansa ya fi na kowa, kuma shugabannin makaranta sun gaji da ji. Roƙona shi ne a ba ta jarabawar ƙarshen zango tun yanzu. In ta faɗi, mun yi shiru. In ta ci, a bar ta ta riƙa shiga darasin lissafi na aji huɗu, sauran darussa kuma ta zauna da sa'o'inta. Abin da ba ya cin ko sisi, sai ɗan gyaran jadawali, shi ne ake saurin amincewa da shi.

Shugaban ya kawo shawara biyu, duk na ƙi. Ta farko a naɗa ta monita ta riƙa koya wa na baya. Taimakon 'yan'uwa abu ne mai kyau, amma yarinya ta zo koyo ne, ba a ɗauke ta aiki ba, kuma hakan ƙara mata baƙin jini zai yi. Ta biyu a yi mata tsallake zuwa aji uku. Iyaye na son tsallake don ana alfahari da shi a gidan biki. Ni kam ina tsoronsa. Shekara 16 ce ƙa'idar shiga jami'a, kuma yarinyar da ta gama sakandare tana sha huɗu zaman gida za ta yi, a garinmu kuwa kowa ya san zancen da dangi ke tayarwa idan budurwa ta zauna. Ga shi ƙwaƙwalwa ce kawai ta yi gaba, zuciya da jiki na yarinya ne.

Ta ci jarabawar. Malamin lissafi ya shigar da ita gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ke shiryawa, ya kuma samo mata izinin shiga ɗakin karatu lokacin hutun tara.  Makon farko a aji huɗu yarinyar ta dawo gida da kuka saboda ta ci rabi. Uwarta ta tsorata, ta ce a mayar da ita inda take. Na ce a bar ta, yanzu ta fara makaranta.

Duk abin da aka amince na sa an rubuta, shugaban ya sa hannu, aka ajiye a fayil ɗinta. Kafin shekara ta zagayo an yi wa malamin lissafin canjin wurin aiki. Sabon da ya zo ya ce bai san da wannan zance ba, sai da ubanta ya kai masa takardar.