Turancin Bankok a Kunnen Bahaushe

A kasuwar Pratunam ta birnin Bankok na fara sauraron Turancin mutanen Tailan da kunnen basira, lokacin da na raka wani ƙanena sarin tufafi. Mai jiran shagon ta ce mu same ta a ƙofar "Sentaran", muka yi ta bulayi kafin mu gane Central take nufi. Ni da na shekara da shekaru ina koyar da ilimin furuci, sai da na koma masauki abin ya faɗo mini: a harshensu, l in ta zo ƙarshen gaɓa n ake furta ta. Ƙa'idar harshenta ta bi, kamar yadda Bahaushe ya karɓi kalmar Bature ya mayar da ita fensir.

Dalilin da ya sa ake matsa wa irinta lamba a bayyane yake. A Bankok ɗin aka kafa ƙungiyar ASEAN a 1967, kuma sashe na 34 na kundinta na 2007 ya ayyana Turanci a matsayin harshen aiki. Da aka buɗe kasuwar bai ɗaya a ƙarshen 2015, sai ma'aikacin Tailan ya tsinci kansa yana gogayya da na Singafo da Malesiya da Filifin, waɗanda mulkin mallaka ya bar wa Turanci gado. Tailan kuwa ba a taɓa mallakarta ba. Abin alfaharin nan shi ya zame wa jikoki ɗawainiya: kamfanoni na neman makin jarrabawar TOEIC, makarantu na ɗauko malamai daga Filifin.

Sai dai ina da ja a kan ma'aunin. Muryoyin da ake saurara a jarrabawar na Amurka ne da Ingila da Kanada da Ostareliya, alhali abokin cinikin wannan baiwar Allah ɗan Biyetnam ne, ko ɗan Indunusiya, ko Bakano irin ƙanena. Kuma ba nahawu ne ya kusa jawo mana asara ba. Ƙanena ya nemi dozin sittin, ta ji goma sha shida, ta ce "yes" tana murmushi alhali tana kokwanto. Suna da wata ɗabi'a da suke kira kreng jai, wato gudun ɗora wa mutum nauyi ko kunyata shi. Mafi kusa da ita a wurinmu ita ce kara. A ganinta, ta ce wa baƙo ya maimaita rashin ladabi ne. Babu jarrabawar da ke auna wannan.

Na tuna yadda mu ma muke yi wa Hausar 'yan kasuwar Sabon Gari dariya, muna kiranta gwaranci, ga shi kuwa da ita ake cinikin miliyoyi kullum.

Washegari ƙanena ya koma shagon. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta Turanci ba, kalkuleta ya ɗauka ya danna 60 ya miƙa mata. Ta rufe baki tana dariya, ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji, sannan ta kira yaro ya kwance ɗaurin.