Tulun Gilashi da Littafin Lambobi

A ƙarshen hunturu, bayan da iyali suka yanke shawarar sayar da gidansu na gado a birnin Milwoki na jihar Wiskonsin a Amurka, aikin kwashe kayan ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya faɗa a kan babban ɗan gidan. Malamin tarihi ne da ya yi ritaya. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuwa ta koma gidan kula da tsofaffi, tunaninta ya fara zuwa yana komawa. A bayan wasu tsofaffin akwatuna ya tarar da tulun gilashi mai ƙaramin baki, wanda zai ci lita 19, an lulluɓe shi da bargo. Kusa da shi akwai ɗan littafi da rubutun mahaifinsa: kwanan wata, sai lamba kamar 63 ko 64, sai wata kamar 1.046, bayan mako biyu kuma 1.010. Haka shafi bayan shafi, ba kalma ɗaya ta bayani.

Da ya nuna wa tsohuwar hoton tulun a wayarsa, sai ta yi dariyar da ya jima bai ji ba. Ta ce, "A nan babanku yake zuba giyarsa. Ni ce mai gadi a bakin matakala." Saura mako goma ta cika shekara 90 a duniya. Kafin ya bar ɗakin ya yi mata alkawarin zai dafa irin wannan giya a sha ranar bikin, alhali bai taɓa dafa ko cokali ɗaya ba.

Gadin da ta ambata yana da tushe a doka. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta yin barasa da sayar da ita. Kamfanonin Milwoki, birnin da zuriyar Jamusawa suka mayar cibiyar giya, sun nemi wata hanyar rayuwa. Pabst, alal misali, ya riƙa sayar da maɗin tsiron sha'ir, wanda a bisa suna na masu gasa burodi ne, ko da yake kowa ya san inda akasarinsa yake ƙarewa. Da aka ɗage haramcin, dokar tarayya ta bar magidanci ya tsima giyar inabi a gida, amma ba ta ambaci giyar hatsi ba. Wannan giɓi ya kai shekara 45, sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cike shi, ta fara aiki a Fabrairun 1979. Ta ba baligi damar dafa galan 100 a shekara, wato kusan lita 380, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, da sharaɗin ba za a sayar ba. Jihohin Misisipi da Alabama ne na ƙarshe da suka bi sahu, a 2013. Ashe mahaifin malamin, mutum mai tsoron ko tarar ajiye mota, ya yi shekaru yana karya dokar tarayya a ƙarƙashin ɗakin girkin matarsa.

Malamin ya tunkari aikin yadda mai ilmi da ɗan abin hannu yakan yi: ya kwana biyu a intanet, ya fito da jerin kaya mai shafi guda, ya nufi shagon masu wannan sana'a. A saman jerin akwai babbar tukunyar ƙarfe maras tsatsa mai famfo a gindi, da injin niƙa hatsi, da tankin iskar gas. Mai shagon, wata dattijuwa, ta karanta, ta ɗauki biro ta soke fiye da rabi. Abin da ta bari shi ne tukunya madaidaiciya, bokitin roba mai marfi irin wanda aka yi don abinci, sabon tiyo na juye ruwa, ma'aunin zafi, ma'aunin kaurin ruwa, ɗan makullin iska, kwalabe masu ruwan ƙasa da marafansu, na'urar matse marfi, da kwalbar ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ta ɗaga wannan ta ƙarshe ta ce, "Malam, a duk abin da za ka saya yau, wannan ce ta fi araha, ita ce kuma za ka raina." Ya yi murmushin girmamawa, ya sayi abin da ta ce, ya kuma sayi babbar tukunyar, wadda kuɗinta ya zarce na sauran kayan duka a haɗe.

Domin a gane abin da take nufi, sai an san abin da ke faruwa a cikin tukunya. Kayan giya huɗu ne. Na farko ruwa. Na biyu tsiron sha'ir: a jiƙa hatsi har ya fara tsira, sannan a busar da shi. Tsirar tana tada wasu sinadarai da ke iya mayar da sitaci sukari, kuma duk wanda ya ga yadda tsiron shinkafa ke sa kunun zaƙi ya yi zaƙi, ko yadda masu burkutu ke tsirar da dawa kafin su dafa, ya san wannan hikima. A jiƙa ɓarzajjen tsiron cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68 na tsawon awa guda, a tace dusar, sai a sami ruwan zaƙi. Sabon shiga yakan tsallake wannan mataki ya sayi maɗin tsiro da aka riga aka haɗa, kamar yadda mahaifin malamin ya yi, haka kuma mai shagon ta ba da shawara. Na uku furen hof, na wata shuka mai yaɗo wadda a Amurka aka fi nomawa a kwarin Yakima na jihar Washinton. Wanda aka zuba a farkon tafasa, ya yi awa guda a wuta, shi ke ba da ɗaci. Wanda aka zuba gab da saukewa, shi ke ba da ƙamshi.

Na huɗu shi ne yis, kuma nan ne lissafin mai sayayya yakan karkace. Dokar tsarkin giya ta Bafariya ta 1516 ta lissafa ruwa da sha'ir da hof, ba ta ambaci yis ba, domin a lokacin ba a san halitta ce mai rai ba. Sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke tsima ruwan zaƙi, wasu ƙananan halittun kuma su ke lalata shi. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg a Kopanhagin, ya ware yis iri ɗaya tsantsa ya yi giya da shi. Ma'anar wannan ga mai dafawa a gida a fili take. Abin da hannunsa ke yi ruwan zaƙi ne kawai. Yis ke cinye sukarin ya fitar da barasa da iskar kabon. Ruwan zaƙi kuwa abinci ne ga duk ƙwayar da ta riga isa, don haka aikin mai gida shi ne ya tabbata yis ɗinsa ne kaɗai ya zauna cin tuwon, a kuma yanayin da yake so.

Saboda haka kayan aiki sun kasu biyu, tafasa ce iyakarsu. Duk abin da ya taɓa ruwan kafin tafasa, wanki ya ishe shi, wuta za ta ƙarasa aikin. Duk abin da zai taɓa shi bayan ya huce, daga bokiti da tiyo har cokali da almakashin yanke ledar yis, sai an wanke shi sannan an tsoma shi a ruwan kashe ƙwayoyi. Tukunya, komai tsadarta, tana ɓangaren da kuskure ba ya kisa.

Ranar Asabar malamin ya kafa kayansa a tsohon gidan, tunda ba a riga an miƙa makulli ba. Tukunyar ta yi aikinta, gida ya cika da ƙamshin gasasshen hatsi. Amma da ruwan ya huce sai zuciya ta rinjaye shi. Ya ture sabon bokitin, ya ɗauraye tulun mahaifinsa da ruwan famfo, ya juye da tsohon tiyon da ya tsinta rataye a ƙusa. Da ya ji ɗakin da sanyi kuma, tausayi ya sa ya jingina tulun da injin ɗumama gida. Washegari makullin iskar, ɗan bututun nan mai ruwa da ke barin iskar kabon ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba, yana ta ɓulɓuli ba tsayawa. Ya ɗauki wannan alamar nasara.

Giya tana neman mako biyu a tulu, mako biyu a kwalba, don haka sai bayan wata guda gaskiya ta fito. Kwalbar farko ta yi tsiri har rufi. Abin da ya rage a ciki yana da tsami kamar ruwan kal, da wari mai kama da man goge farce. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ya zubar da kwalba 48 a magudana, ya duba kalanda: saura mako biyar da 'yan kwanaki, wato dama ɗaya.

Ya koma shagon, wannan karo da littafin mahaifinsa a hannu. Dattijuwar ta fara da gawar. Tsamin, in ji ta, aikin ƙwayoyin da suka maƙale a kafaɗar tulun da cikin tsohon tiyo ne. Su ne kuma suka ci gaba da cin sukari a cikin kwalba har iska ta yi yawa. Warin kuwa na zafi ne. Irin yis ɗin da ya saya yana son digiri 18 zuwa 21, tsimuwa da kanta tana ƙara wa ruwa zafi, kuma yis da aka gigita da zafi yana fitar da sinadarai masu kaifi. Sai ta buɗe littafin, ta yi shiru. Lambobi 63 da 64, ta ce, zafin ɗaki ne a ma'aunin Farenhait da Amurkawa ke amfani da shi, kimanin digiri 17 zuwa 18. Lamba 1.046 nauyin ruwan zaƙi ne idan aka gwada shi da ruwa zalla, wanda yake 1.000. Yayin da yis ke cin sukari lambar tana sauka. Idan ta tsaya a wajen 1.010 kwana biyu ko uku a jere, an gama, kuma tazarar lambobin biyu ke nuna ƙarfin giyar, a nan kusan kashi biyar cikin ɗari. Malamin ya daɗe yana neman sirrin haɗi a shafukan nan. Mahaifinsa bai rubuta haɗi ba domin ba shi da wani: gwangwanin maɗi, sukari da yis ɗin burodi, kamar kowa a zamaninsa. Abin da ya ga ya cancanci rubutu shi ne zafi da lokaci.

A daren nan malamin ya sauka ɗakin da fitila. A kusurwar arewa, nesa da injin ɗumama, ya ga zagayen tabo a kan siminti daidai faɗin gindin tulun. Ya ajiye ma'aunin zafi a wurin, da safe ya nuna 64.

Dafawa ta biyu ba ta da armashin ta farko. Akasarinta wanki ne. Ya jiƙa tulun kwana guda, ya goge kafaɗarsa da lanƙwasasshen buroshi, ya jefar da tsohon tiyo. Ya sanyaya ruwan da sauri cikin bahon ƙanƙara har ya sauka digiri 20, domin tsakanin tafasa da zuba yis ne ruwan ba shi da mai tsaro. Ya ɗora tulun a kan tabon, ya lulluɓe shi da bargon nan, wanda yanzu ya gane amfaninsa: haske yana ɓata sinadaran hof su yi wari, shi ya sa ma ake zaɓar kwalba mai ruwan ƙasa. Kullum da yamma ya rubuta zafin ɗaki a shafin da mahaifinsa ya tsaya. Da ma'aunin kauri ya tsaya wuri ɗaya, ya auna sukari giram 120, ya tafasa shi cikin ɗan ruwa, ya gauraya, don yis ya sami abin da zai mayar kumfa a cikin kwalba. Sannan ya tsaya shi kaɗai a bakin famfo, ya wanke kwalba 48 ɗaya bayan ɗaya.

Ranar bikin, da iznin ma'aikaciyar jinya, ya zuba wa mahaifiyarsa rabin ƙaramin kofi. 'Ya'ya da jikoki suka yi tsit. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta ce, "Wannan ba ta babanku ba ce." Gabansa ya faɗi. Ta ƙara da cewa, "Wannan tana shayuwa. Tasa, duk unguwa sun san sai da haƙuri."

Da dariya ta lafa ya matso ya ce, "To Mama, me ya sa kika yi ta gadinsa shekara da shekaru?"

Ta ce mahaifinsa mutum ne da bakinsa ke da nauyi. Yakan dawo daga masana'anta, ya ci abinci, ya kwanta. Amma ranar wanke kwalabe, yana wankewa tana ɗaurayewa, sai magana ta zo masa: labarin yaƙi, labarin mahaifiyarsa, tsoron da yake ji kan kuɗin makarantar yara. A bakin famfon nan ta san mijinta. Sai ta dube shi da idon da babu hazo a cikinsa, ta ce, "Kai wa ya taya ka wankin naka?"

Ya ce ba kowa.

Asabar ta gaba ma'aikatan gidan tsofaffin suka ga babban ɗanta ya shigo da akwati biyu na kwalaben da aka shanye, da buroshi, da tawul. Suka ba su aron famfon ɗakin cin abinci, aka gyara mata kujera daidai bakin kwatami. Yana wankewa tana ɗaurayewa, suka kai har la'asar.