Yaji da Dodanni a Wani Kanti na Buruklin

Sanyin da na tarar a Niyok cikin Janairun 2025 ya sa na daina kiran hunturun Kano sanyi. Gidan yayana na sauka, a unguwar Buronks, inda za ka fito saye a kanti ka ji ana ciniki da Hausar Zangon Kumasi. Sati na farko ko ƙofa ban leƙa ba. Ina ɗaki a naɗe cikin bargo, abin da nake kallo kawai shi ne kantar littattafan 'yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce mai yawan kwanan aiki. Littattafai ne masu kauri kamar tubali, an fente gefen shafukansu da baƙi da ruwan zinare, bangonsu duk takubba da fukafukai da ƙaya. Idan ta dawo da safe, ta yi wanka ta yi salla, sai ta ɗauki ɗaya ta karanta shafi goma kafin barci ya kwashe ta.

Na ce mata, "Ke da kike kwana kan marasa lafiya, me ya haɗa ki da tatsuniyar aljanu?"

Ta yi dariya ta ce, "Goggo, ran Asabar ki sa rigar sanyi biyu. Gani ya kori ji."

Jirgin ƙasa mai lamba D muka hau, ya ratsa da mu ƙarƙashin Manhatan, ya haye gada, muka canja zuwa R a Buruklin muka sauka Union Street. Tafiya kaɗan sai ga wani kanti fentin ruwan hoda, sunansa The Ripped Bodice. Sunan ma shaguɓe ne. Da can masu raina labaran soyayya suna yi musu laƙabi da littattafan yaga rigar mata, sai masu kantin suka ɗauki gorin suka liƙa a ƙofarsu. 'Yan'uwa biyu mata ne, Bea da Leah Koch, suka tara sama da dala dubu 90 ta hanyar karo-karo a Kickstarter, suka buɗe na farko a Culver City ta jihar Kalifoniya a 2016. Wannan na Buruklin a 2023 ya zo. Babu abin da ake sayarwa a ciki sai littattafan soyayya da tarkacen da ke tafiya da su.

Ni da na taso ina ɓoye In Da So Da Ƙauna a tsakiyar littafin lissafi don kada malama ta gani, sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallon mata sun cika wuri, da 'yan mata da masu furfura, har da wani magidanci riƙe da takardar sautu, kowa yana tambayar abin da yake so da murya a sake. Ba mai sunkuyar da kai. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni, tun kafin in taɓa littafi ko ɗaya.

Kantar da ta fi cunkoso ita ce ta abin da suke kira romantasi, wato soyayya da aka dasa a duniyar almara, ta mayu da sarakunan aljanu da dodanni masu fiffike da ke fesa wuta. Masu karatun suna da yarensu. Na ji wata na tambayar ƙawarta ko littafin da yaji, na ɗauka abinci ake nufi, ashe da hoton barkono suke auna yadda marubuciya ta buɗe labulen ɗakin ma'aurata: ɗaya sama-sama, biyar kuwa sai mai ƙarfin hali. 'Yar tawa ta zaro min littattafai biyu na Sarah J. Maas ta ce na farkon, A Court of Thorns and Roses na 2015, share fage ne kawai, maganar tana cikin na biyu.

A wani shagon shayi na kusa ta warware min labarin. Yarinya ce mai suna Feyre, mafarauciya, da ke ciyar da mahaifinta da yayyenta. Ta faɗa ƙasar aljanu, ta so wani basarake, ta shiga kurkukun wata muguwar sarauniya a ƙarƙashin dutse don ta cece shi, ta kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba don ta cika sharaɗi, ta yi nasara. A tatsuniyarmu nan ne ake cewa ƙurunƙus. Maas kuwa a nan ta buɗe littafi na biyu, A Court of Mist and Fury na 2016: jarumar tana farkawa tsakar dare tana amai, ta rame, ta daina zanen da take so, jan launi ma tuna mata da jini yake yi. Shi kuma masoyin da ta ceto, don tsoron kada wani abu ya same ta, sai ya kulle ta a gida. Wanda ya taimaka mata ta miƙe wani ne daban, kuma da abin da ya fara shi ne zaunar da ita ta koyi karatu da rubutu, don ashe duk jarumtar nan ba ta iya karanta ko wasiƙa ba.

'Yar tawa ta juya kofinta ta ce, "Goggo, a bazarar 2020 muna fitowa daga aiki muna wuce motocin sanyi da aka jera a bayan asibiti saboda ɗakin ajiye gawa ya cika. Ƙarfe bakwai na yamma mutane su leƙo taga suna tafa mana. Da abin ya lafa kowa ya ce mun yi ƙoƙari, Allah ya saka. Ba wanda ya tambaye ni ko ina barci." Ta ce a TikTok ta ga wata tana kuka a kan wannan littafi, ta saya don ta ga abin da ya sa ta kuka. Shekarar nan ce kuwa zauren masu karatu na BookTok ya bunƙasa, lokacin da kulle ya tsare mutane a gida.

Na daɗe ina juya maganar. Me zai sa wadda ta ga mutuwa da idonta ta nemi sauƙi wurin aljani mai fukafukai, ga littattafan likitocin ƙwaƙwalwa birjik? Abin da na fahimta shi ne dodon yana ba da tazara. Da a ce labarin asibitin Buronks ne, da ba ta wuce shafi uku ba. Da yake an kai ciwon wata ƙasa da ba ta cikin taswira, sai ta iya kallonsa ido cikin ido, kamar yadda ake duba rana a cikin ruwan ƙwarya. Sannan akwai alkawarin da wannan fanni ya ɗaukar wa mai karatu tun fil'azal: komai wuya, ƙarshen tafiyar masoya alheri ne. Masu suka suna cewa ai an san ƙarshe tun daga bango. To, wanda rayuwa ta sha yi wa ba-zata ba ya ƙin labarin da ya san ba zai yaudare shi ba. Da wannan tabbaci ne yake yarda ya bi jaruma cikin duhu na shafi ɗari shida.

Daren Litinin 20 ga wata, ranar da sanyi ya sa aka rantsar da shugaban Amurka a cikin gini maimakon fili, 'yar tawa ta sake ja na waje. Kantuna da yawa a faɗin ƙasar sun buɗe har sha biyun dare saboda fitowar Onyx Storm, na uku a jerin da Rebecca Yarros ta fara da Fourth Wing a 2023. A layin da muka shiga akwai masu baƙaƙen rigunan fata irin na mahaya dodo, wasu sun yi kitso sun shafa wa ƙarshen gashinsu ruwan azurfa don su yi kama da jarumar, Violet. Daga baya aka ba da rahoton cewa littafin ya sayar da kwafi miliyan 2.7 a satinsa na farko.

A gabanmu wata mata ce a keken guragu, ta ɗaure wa keken fukafukan kwali. Ita ta ba ni labarin sirdi. Violet yarinya ce mai raunin gaɓoɓi, kafaɗa da gwiwa suna gocewa da ƙaramin motsi, ta shirya zama magatakarda sai mahaifiyarta, wadda janar ce, ta tura ta makarantar mahaya dodanni inda ɗalibai ke mutuwa tun a gadar shiga. Yarros da kanta tana fama da ciwon Ehlers-Danlos, mai sa jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su saki, kuma matar soja ce da ta sha jiran miji daga fagen yaƙi. A duniyar da ke cike da sihiri, da ta ga dama da ta warkar da jarumarta da tsafi ɗaya. Ba ta yi ba. Violet ta ci gaba da naɗe gwiwarta kullum, kuma da ta kasa riƙe kanta a bayan dodonta, Tairn, sai aka ƙera mata sirdi mai maɗauri. Matar ta bubbuga hannun kekenta ta ce nata sirdin ke nan. Na rasa abin cewa, na gyaɗa kai kawai, yatsuna kuma sun ƙage.

Ba zan ɓoye ba, akwai shafukan da na tsallake da sauri ina istigfari, kuma ba zan miƙa wa 'yar sakandare waɗannan littattafai ba. Su ma Amurkawan ba bakinsu ɗaya ba: a 2024 jihar Utah ta cire littattafai 13 daga makarantun gwamnati, shida daga ciki na Maas ne. Wani lokacin kuma rubutun yana da sakaci, jaruman maza duk dogaye ne masu ɗaure fuska kamar uwa ɗaya ta haife su. Amma a cikin layin nan Balaraba Ramat Yakubu ta faɗo min a rai, da Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Mun iya rubuta macen da ta tsira. Aljanu ma ba baƙinmu ba ne tun daga Ganɗoki. Abin da ban saba gani ba shi ne a ware rabin littafi ga dararen da ke biyo bayan tsira, a bar mace ta yi fushi, ta yi kuskure, ta ƙi haƙuri na ɗan lokaci, kuma a ce har yanzu ta cancanci so.

Ranar da zan taho, 'yar tawa ta cusa min A Court of Silver Flames a jaka, na 2021, labarin Nesta, yayar Feyre, mai baƙin hali da kaifin baki, wadda baƙin ciki ya tura ga giya. An kai ta wani gida a kan dutse wanda hanyar sauka daga gare shi matakala dubu goma ce, ƙarƙashinsa kuma ɗakin karatu inda matan da aka ci wa zarafi suke zaune ba mai takura musu. Bangon littafin ya lanƙwashe, gefen shafukan ya yi duhu da yatsu. Ta ce sau huɗu ta karanta shi.

"Ta kai ƙasa kuwa?" na tambaye ta.

"Ki karanta mana, Goggo."

Jirginmu yana saman teku, an kashe fitilu, na kunna tawa 'yar fitilar. Nesta ta gwada saukar farko, ƙafafunta suka mutu tun ba ta yi nisa ba, ta rarrafo ta koma sama. A gefen shafin na ga an rubuta da fensir, da rubutun da na sani tun tana aji uku: ni ma.