Kafin a Ga Dodo

Hausa ta raba razana da fargaba, kuma duk wanda ya taɓa kwana shi kaɗai a bukkar gona ya san ratar da ke tsakaninsu. Razana ta ɗan lokaci ce: kwano ya faɗi cikin dare, gaba ya yanke ya faɗi, kafin a ƙirga biyar mutum ya soma yi wa kansa dariya. Fargaba kuwa zama take yi. Tana shiga tun abin bai auku ba, ta danne ƙirji, ta busar da miyau, kuma sau da yawa ta fi abin da ake tsoron nauyi. Fina-finan ban tsoro duk suna sayar da razana, don araha gare ta: a yi tsit, a buga ƙara, a jefo wata mummunar fuska gaban kamera. Kaɗan ne suka iya gina fargaba, kuma waɗannan ana gane su tun daga mintoci goma na farko.

Alfred Hitchcock ya bayyana wa François Truffaut wannan bambanci a doguwar hirar da suka yi a 1962, wadda ta fito littafi a Faransa a 1966. Misalin da ya bayar na bam ne ƙarƙashin tebur. Mutum biyu na hira, ba wanda ya san da komai, sai bam ya tashi: ƴan kallo sun samu razanar daƙiƙa 15. In kuwa an nuna musu sa'ad da aka dasa bam ɗin, aka sanar da su ƙarfe nawa zai tashi, aka rataya agogo a bango, to hirar banzar nan ta zama abin da ba a iya ɗauke wa ido har minti 15. Ba a ƙara komai cikin ɗakin ba, sani kawai aka raba. An ba mai kallo abin da aka hana wa mutanen da yake kallo. Buɗewar fim ɗin ban tsoro nan ne ake yin wannan rabo, kuma gwanaye suna yin sa da rowa: mai kallo ya fi wanda za a halaka sani, amma ba a ba shi abin da zai ishe shi ya natsu ba.

Fim ɗin Steven Spielberg na 1975, Jaws, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Les Dents de la mer, ya soma ne ƙarƙashin teku. Kamera na tafiya tsakanin ciyawar ruwa kamar mai neman wani abu, kiɗan John Williams na bin ta da sauti biyu kacal, mi da fa, masu kauri, suna maimaituwa suna ƙara sauri. Ba a faɗi ko idon wa ke nan ba. Sai a yanke, a koma bakin teku inda samari da ƴan mata suka hura wuta suna hira. Wata budurwa ta tashi da gudu za ta yi iyo, saurayin da ya biyo ta giya ta kayar da shi bisa rairayi. Ta shiga ruwa ita kaɗai, teku ya kwanta luf, ba abin da ake ji sai ƙararrawar wani tulun ƙarfe mai yawo kan ruwa, irin wanda ake sa wa jirage alama. Daga nan kamera ta sake nutsewa, ta dubo ta daga ƙasa, ƙafafunta na wutsil-wutsil a sama, sautin nan biyu ya dawo. Mai kallo bai ga komai ba, amma ya riga ya gane. Minti biyu da suka wuce an koya masa cewa wannan ido da wannan kiɗa na abin da ke farauta ne, yanzu kuma an maimaita masa darasin da mutum a gabansa.

Abin da ya biyo baya an yi shi da igiya. An ɗaura wa ƴar wasan, Susan Backlinie, ɗamara a ƙugu, ma'aikata suna fizgar ta hagu da dama. Ba haƙori, ba wutsiya, ba a ma ga ƙaton kifin da ke cin ta ba. Ta rungumi tulun ƙarfen, aka fizge ta, ta nutse, ruwa ya koma ya kwanta. Wannan shirun na ƙarshe ya fi ihun nauyi, domin saurayin na nan kwance kusa da ruwa bai ji komai ba. An sha ba da labarin cewa kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa cikin ruwan gishiri, har ya tilasta wa Spielberg ɓoye shi a wurare da yawa. Gaskiya ne, kuma fiye da awa guda ake yi kafin a ga fuskarsa sosai. Amma lalacewar inji ba ta isa ta haifi gwaninta ba, da haka ne da duk mai ruɓaɓɓen kayan aiki ya shahara. Gwanintar tana cikin riƙon alkawari. Can tsakiyar fim, lokacin da wasu yara biyu suka tsorata masu wanka da ƙayar kifi ta ƙarya, kiɗan bai zo ba. Mai kallo ya saba, ya amince cewa in ba kiɗa ba haɗari, sai daga baya aka fito masa da kifin ba sallama. Williams da Verna Fields, wadda ta yi aikin yanka da haɗa hotuna, duk sun samu kyautar Oscar kan wannan fim.

Masana sinima na Faransa suna kiran abin da ke bayan iyakar allo hors-champ, wato filin da kamera ta ƙi nunawa alhali mai kallo ya san yana nan. Tsofaffin da ke yi wa jikoki tatsuniya sun daɗe da sanin amfaninsa. Ba kasafai suke tsayawa siffanta dodo ba. Ana jin motsinsa a bakin rafi, ana jin muryarsa yana tambayar wa ya taɓa masa kaya, sauran kuwa kowane yaro shi ke ƙera nasa daidai da abin da ya fi tsoro, cikin duhun da ke bayan zana.

John Carpenter ya ɗauki wannan idon na mafarauci ya shigar da shi cikin gida. Fim ɗinsa na 1978, Halloween, ko La Nuit des masques, an yi shi da kuɗi kaɗan, kimanin dalar Amurka dubu 300. Ya buɗe da daren bikin da yaran Amurka ke rufe fuska su bi gida-gida neman alewa, a wani ƙirƙirarren gari na jihar Ilinoyis, a 1963. Kamera ta tunkari wani farin gida, ta leƙa ta taga ta ga budurwa da saurayinta, ta zagaya ta ƙofar baya, ta shiga madafa. Wani hannu ya fito daga gefen allo ya zaro wuƙa. Aka hau bene, aka tsinci fuskar roba ta ɗan barkwanci a ƙasa, aka sa, daga nan duniya ta koma ramuka biyu na ido. Duk wannan kusan minti huɗu ne, kuma ga alama ɗauka guda ce ba yanka, ko da yake an ɓoye mahaɗa a wurin sa fuskar. Abin ya yiwu ne saboda wata na'ura sabuwa a lokacin, Panaglide, wadda ake ɗaura wa mai ɗauka a jiki don kamera ta yi tafiyar mutum ba tare da girgiza ba.

Rashin yankan nan shi ne ƙugiyar. Duk lokacin da aka yanke hoto aka koma wani, an ba mai kallo damar ƙifta ido, an tuna masa akwai wani wuri. A nan an hana shi. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Carpenter ya kawo tsoron har ɗakin kwana, kuma ya haɗa wa mai kallo da kunyar, domin shi ne ya leƙa tagar, shi ya hau benen. Bayan kisan aka fito waje, mota ta tsaya, wani mutum ya cire fuskar robar. Sai a lokacin kamera ta juyo: yaro ne ɗan shekara 6, da wuƙa a hannu, yayarsa ya kashe, mutumin kuma ubansa ne. Kamera ta ja baya ta yi sama, ta bar su tsaye kamar gumaka. Masu sukar irin waɗannan fina-finai sun ce sa mai kallo cikin idon mai kisa koya masa jin daɗin farauta ne, musamman da yake kusan kullum mace ake farauta. Zargin ya hau kan da yawa daga masu kwaikwayon da suka biyo baya a shekarun 1980, waɗanda suka ɗauki idon suka yar da tambayar da ke tare da shi. Shi wannan buɗewa kuwa bai bar kowa ya fita da daɗi ba, don a ƙarshe an nuna wa mai kallo jikin wa ya ara.

Shekara 18 kafin haka wani Bafaranshe ya yi irin wannan tarko da hannu mai taushi. Les Yeux sans visage na Georges Franju, 1960, ya soma da itatuwan bakin hanya suna wucewa cikin hasken fitilar mota, da wani kiɗa na Maurice Jarre mai kama da na filin wasan yara. Wata mata, Alida Valli ce ta fito a matsayinta, tana tuƙa ƙaramar Citroën 2CV cikin dare. Ta gyara madubi, sai aka hango wani a kujerar baya, an sa masa hula da kwat na maza, kansa ya langaɓe. Fitilun wata mota suka taso a baya, hankalinta ya tashi, motar ta wuce, ta sauke numfashi. Mai kallo ma ya sauke nasa tare da ita, kafin ya ga ta tsaya bakin kogi ta jawo gawar wata yarinya ta jefa a ruwa. Ya riga ya yi mata fatan tsira bai san me take ɗauke da shi ba.

Kunne ma ana yi masa rabonsa, wani lokaci ya fi na ido. Stanley Kubrick ya buɗe The Shining, 1980, da rana tsaka, ba duhu ba jini: tabki, duwatsu da dazuzzukan jihar Montana, an ɗauko su daga jirgi mai saukar ungulu, da wata ƴar mota Volkswagen ruwan ɗorawa tana hawa hanya kamar ƙwaro. A kashe sautin, hoton ya zama tallar yawon buɗe ido. A kunna, sai a ji Wendy Carlos da Rachel Elkind sun ɗora masa karin Dies irae, tsohuwar waƙar Latin da a da aka saba rerawa a jana'izar Katolika kan ranar hisabi. Nan take kamerar da ke shawagi ta zama wani abu mai bibiyar motar. Sai dai sauti ba ya tsorata kowane kunne daidai. William Friedkin ya buɗe The Exorcist, 1973, a arewacin Iraki, inda ya yi ɗauka a kufan Hatra, kuma cikin abin da ake fara ji har da kiran salla. Ga yawancin ƴan kallon Amurka na wancan zamani baƙuwar murya ce, an sa ta don ta ce musu sun bar gida. Ga wanda ya tashi a Damagaram ko Tawa kuwa, ita ce muryar da ke kawo ƙarshen dare, wadda mai jinya ke jira. Dabarar a nan ta faɗi ƙasa warwas, kuma tana tona wa wa aka yi fim ɗin. Agogon bango da ya tsaya haka kawai a wannan buɗewa, da karnukan da ke faɗa gaban gunkin Pazuzu, su kam ba sa bukatar tafinta.

Wannan kuma shi ya sa matashin da ke kallon irin fina-finan nan a salula, da hantsi, a fada ana dafa shayi ana surutu, yakan ce tsofaffin ba su da ban tsoro. Yana da hujja: rabin aikin an yi shi ne don ɗaki mai duhu da kunne mai sauraro. Abin da ke tsira a ƙaramin allo shi ne razanar nan mai araha.

Wes Craven ya san ƴan kallon 1996 sun haddace duk waɗannan dabaru, sai ya gina buɗewar Scream bisa haddar tasu. Budurwa ita kaɗai a gida, tarho ya yi ƙara, wani baƙo na jan ta da hira kan fina-finan ban tsoro, tana dariya. Gidan duk manyan tagogin gilashi ne, ciki haske waje duhu, wato ana ganin ta ba ta ganin kowa. Bisa murhu ta ɗora kaskon gugguru mai murfin alminiyom, irin mai kumbura in ya ji wuta, kuma shi ne agogon Hitchcock: duk sa'ad da kamera ta koma kansa ya ƙara kumbura, har ya kama hayaƙi. Hirar ta juye ne da jimla guda, lokacin da mai kiran ya nuna yana kallon ta. Kariyar da ta rage wa mai kallo ita ce sunan ƴar wasan. Drew Barrymore ce fuskar da aka fi sani a fim ɗin, kowa ya ɗauka da ita za a kai ƙarshe, ko da yake Hitchcock ya taɓa karya wannan doka da Janet Leigh a Psycho, 1960. Ba a cika kwata na awa ba aka kashe ta. Iyayenta sun iso a mota tana da sauran rai, tana hango su daga cikin ciyawar tsakar gida, murya ta ƙi fita. Suka shiga suka tarar da hayaƙi. Uwar ta ɗauki tarho za ta kira ƴan sanda, sai ta ji layin a buɗe yake: ɗayan kan tarhon na hannun ɗiyarta a waje, numfashinta take ji.