Kantin Waya Ba Ya Ba Da Bashi

Tun 2012 da aka kafa Jumia da Konga a Ikko, sannu a hankali ta kai mutumin Chaza na iya sayen takalmi yana kishingiɗe, a kawo masa har Suleja. Sauƙi kam akwai shi. Duk da haka wani magidanci a unguwar ya rage wannan ciniki.

Da aka janye tallafin mai a 2023, albashi ya daina kai ƙarshen wata, mai shagon bakin layi kaɗai ya auna masa shinkafa bashi. Mai shago kuwa ba ya lamuntar wanda sai ranar wuya ya ke ganinsa. Yanzu ko fitila ce, can ya ke fara tambaya. In babu, ya shiga Kasuwar IBB ya taya, a ce albarka, ya ƙara.