'Yar Ƙaramar Wayata a Kasuwar Zuba

Mai karatu, yau zancen 'yar wayar da ke aljihuna zan yi, wadda abokan aikina suka laƙaba wa suna "kwalin ashana". Tun shekarar 2022 muke tare da ita, kuma da wuya mako ya wuce wani bai tare ni ba ya ce, "Malam, wai yaushe za ka sayi waya ne?" Sai ka ce wadda ke hannuna dutse ce. Tun ina dariya har na fara tambayar kaina, shin me ya sa na liƙe mata? Amsar da na samu ita ce na ga ya kamata in rubuta.

Ga wanda bai san ni ba, ni haifaffen Maraɗi ne. Na sauka Zuba a 2009 da niyyar yin wata shida, ga shi har yau. Aikina riƙe wa wani Alhaji lissafi a kasuwar 'ya'yan itatuwa: mota nawa ta shigo da lemo daga Binuwai, kankana nawa aka sauke, ayaba da abarba na waye, wa ya biya, wa ya ce sai gobe. Wayar kuwa ƙanena da ke zaune a Faransa ne ya aiko mini da ita ta hannun wani ɗan garinmu, bayan ya mori shekara biyu a jikinta. Irin ta shafawa ce, babu maɓallai, fuskarta ba ta cika inci 5 ba. Sunan kamfanin kuwa zan bar shi a cikina, don ban zo talla ba, ban kuma zo ɓata kasuwar kowa ba.

Abin mamaki shi ne yadda duniya ta juya. Manya za su tuna lokacin da wayar tafi-da-gidanka ta shigo Nijeriya a 2001, sa'ad da layi kaɗai yakan kai naira dubu 20. A shekarun da suka biyo baya, ƙanƙantar wayarka ita ce girmanka. Mai kuɗi shi ne wanda tasa ke ɓacewa a tafin hannu. Da iPhone ta farko ta fito a 2007 da fuska mai inci 3.5, gani ake yi ta cika faɗi. Yau kuwa je ka kowane shagon waya a Zuba ko Suleja, Tecno ne da Infinix da itel jere, yawancinsu sun haura inci 6 da rabi, kamar allon ɗan makarantar allo. Kamfanin Apple ma ya gwada komawa baya, ya fitar da 'yan ƙanana masu inci 5.4 a 2020 da 2021, da ya ga kasuwa ba ta karɓa ba ya daina sayar da su a 2023. Wato dai mu masu ƙaramar waya mun zama 'yan tsiraru.

To amma wanda ya san Zuba ya san amfanin abin da hannu ɗaya zai iya riƙewa. Nan ne hanyar Kaduna da ta Lakwaja da wadda ke shiga cikin Abuja ta Kubwa suka haɗu, ga Madalla da Dutsen Zuma a bayanka. Daga asuba zuwa dare mutum a kan mutum: 'yan kamasho na jan hannunka, 'yan dako na cewa a ba su hanya, 'yan acaɓa na shiga ta ƙarƙashin hammatarka. Ni kuma kullum hannuna na hagu na riƙe da littafin lissafi. Da babban yatsa ɗaya nake amsa kiran direba, in buɗe saƙo, in duba ko kuɗi sun shigo, ban ajiye littafin ba. Abokin aikina mai ƙatuwar waya sai ya maƙale biro a baki ya sa hannu biyu, kuma sau biyu ina ganin tasa ta sulluɓe ta faɗa cikin ɓawon kankana.

Tana shiga aljihun gaba na rigata ta ɓace. In na yi sujada ba ta zamewa ta faɗo, wanda duk mai zuwa jam'i ya san ƙarar da nake nufi. Uwa uba, ba ta kiran ɓarawo. A cunkoson tasha, babbar waya kan leƙo da kanta daga aljihu kamar tana cewa ga ni. Wata rana a cikin motar Gwagwalada na ji hannu na lalube a aljihun gefe. Ya sami goro ɗaya da naira 200, ya tafi da su, Allah Ya sa ya ci da lafiya. Wayar na nan a ƙirjina bai ma san da ita ba.

Akwai kuma wani amfanin da ban lura da shi ba sai da maiɗakina ta faɗa. Ta ce tunda na sami wannan wayar nake hira da yara da dare. Dalili kuwa ba halin kirki ba ne, kallon bidiyo a wannan 'yar fuska wahala ne, minti goma ido ya fara ruwa sai in ajiye.

Wannan ke nan. Yanzu bari in faɗi laifinta, don tana da shi, ba kaɗan ba.

Na farko dai yatsuna na ɗan kasuwa ne, haruffanta kuwa kamar ƙwayar gero. In nufi "d" in taɓa "f". In zan sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai na danne harafin na jira, sannan in ja yatsa a hankali, shi ya sa sau da yawa nakan haƙura in rubuta "kasa", wanda na aika wa ya zaɓa da kansa ko ƙasa nake nufi ko gazawa. Wannan duk mai sauƙi ne. A watan Fabrairun 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi suka yi ɓatan dabo, kasuwa gaba ɗaya ta koma tiransifa. Rannan Alhaji ya ce in tura wa wani direba naira 15,000 na mai. Rana ta take, fuskar wayar ba ta ganuwa sosai, mutum uku na magana a kaina. Yatsana ya ƙara sifili ɗaya. Sai da saƙon banki ya shigo na ga 150,000 sun fita.

Na je na durƙusa gaban Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, na yi ɓarna." Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "Kai da wannan abin wasan yaran naka." Bai ƙara ko kalma ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa. Direban, Allah Ya saka masa, ya dawo da ragowar bayan kwana uku, don shi ma sai da ya yi ta fama da sabis a hanya. A kwana ukun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Tun daga ranar, in zan tura kuɗi sai na shiga inuwa, na ƙirga sifilin da baki kamar ɗan aji ɗaya.

Gilashin nata ma yana da nasa halin. Yadda wani mai gyara ya yi mini bayani, ba nauyin yatsa yake ji ba, 'yar wutar da ke jikin fatar mutum yake ji. Don haka in hannuna ya jiƙe da ruwan kankana sai ta ruɗe ta riƙa buɗe abin da ban aike ta ba. In kuma hunturu ya busar da fata ta yi kaushi, in shafa in shafa ta yi kunnen ƙashi. Ranar da gilashin ya tsage, na zagaye masu gyaran Zuba kaf, kowa na da kayan manyan wayoyin nan da aka saba da su, nata kuwa babu. Sai da aka aika Banex a Wuse, na yi kwana huɗu ba waya.

Babban laifin dai batir ne. Ƙaramin jiki, ƙaramin ciki. Manyan wayoyin abokaina yawanci batirinsu 5,000 ne a ma'aunin da ake rubutawa mAh, nawa bai kai rabin haka ba, ga shi kuma ya tsufa tun a hannun ƙanena. Can inda ya yi amfani da ita wuta ba ta ɗaukewa, akwai wurin caji a gida da wurin aiki har da cikin jirgin ƙasa, shi ya sa da na yi masa ƙorafi ya ce, "Yaya, ai ni ba ta taɓa mutu mini ba." Na ce to ai ba ta taɓa zuwa Zuba ba. A nan, rana kan tilasta ka ƙure hasken fuska, sabis in ya yi rauni wayar ta yi ta nemansa tana shan caji, kafin la'asar ta yi ja. Na zama ɗan gida a rumfar mai caji. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, shi ma ya ninka kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba, janareto ba ruwa yake sha ba.

Duk wannan da na iya jurewa. Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a watan Agustan 2023.

Mai karatu zai tuna sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli. Cikin 'yan kwanaki Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da take ba Nijar. A daidai wannan lokacin ne ciwon Inna ya tashi, aka kwantar da ita a likita, kamar yadda muke ce wa asibiti a can. Hanyar da na saba bi, Kaduna, Zariya, Funtuwa, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, sai gida, ta toshe a ƙarshenta. Akwai masu bi ta daji a kan babur, na kuwa yi niyya, Inna da kanta ta aiko cewa ba ta yarda ba. Abin da ya rage tsakanina da ita sai wannan kwalin ashana.

Ƙanwata ce ke jinya, ita ke da waya mai WhatsApp. Su ma can wuta ta zama sai an ga dama, don haka ba ni ke zaɓar lokacin kira ba; duk sa'ad da ta sami caji da sabis a lokaci guda, sai ta kira. Wata Talata bayan la'asar kira ya shigo, na bidiyo. Ina tsakiyar sauke motar lemo. Na duba sama, caji saura kashi 6. Na ruga bayan wata rumfa na amsa. Ga fuskar Inna, duka-duka ba ta fi girman babban yatsana biyu ba, ga hasken rana, ina ta karkata wayar ina kare ta da hula don in gan ta sosai. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, "Kai wannan, ka rame. Ba ka cin abinci ne?" Na ce, "Inna, ina ci. Yaya jikin?" Ta ce da sauƙi. Ta fara cewa akwai maganar da take so ta gaya mini game da gonar Baba, sai fuskar ta yi baƙi.

Na isa rumfar mai caji da gudu, na roƙe shi ya cire ta wani ya sa tawa. Irin wayoyin nan in sun mutu ƙurmus ba sa tashi nan take, sai sun ɗan sha. Mintunan da na yi tsaye ina kallon baƙin gilashi, Allah kaɗai Ya san tsawonsu. Da ta kunnu na kira, ta ƙanwata kuma ta mutu. Sai bayan kwana biyu muka sake samun juna, lokacin Inna ba ta iya doguwar magana. Ta rasu a farkon Satumba. Ba a buɗe iyaka ba sai Maris na 2024, sannan na je na ga kabarinta. Maganar gonar, kawunmu ya faɗi abin da yake zaton ita ce, muka bi.

Na san wani zai ce da babbar waya ce a hannuna da an ƙarasa maganar. Ni ma na faɗa wa kaina haka ba sau ɗaya ba. Wani lokacin kuma in tuna da babba ce, wataƙila da tuni ta tafi tare da goron nan da naira 200 a motar Gwagwalada. Kwanan mutum dai ba a hannun batir yake ba, wannan na sani. Amma sanin bai hana ni jin haushinta na tsawon watanni ba. Har na kai ta wurin wani mai saye da sayarwa ya yi mata kuɗi.

Abin da ya hana cinikin shi ne da ya ce zai goge komai. A cikinta akwai saƙonnin murya 41 da Inna ta aiko mini ta wayar ƙanwata daga 2022 zuwa rasuwarta: gaisuwar sallah, faɗa a kan ban kira ba, farashin gero a kasuwar Maraɗi, addu'a ga jikoki ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ce ai ana iya kwashe su a mayar cikin wata wayar, kuma gaskiyarsa ne, daga baya ɗana ya kwafe mini su a kwamfutar makarantarsu ya zuba a 'yar ma'ajiya, yana kuma da su a tasa wayar. Duk da haka na karɓi abata na mayar aljihu. A wannan lasifikar na fara jin su, kuma in na kara ta a kunne cikin hayaniyar tasha, tafin hannuna na rufe ta ruf, ba mai sanin abin da nake saurare.

Yanzu dai ga yadda muka daidaita. Na canza mata batir. Na sayi fawabank, wanda nauyinsa ya fi na wayar, abin da ya sa abokan aikina suka sami sabon abin dariya: wai na ƙi ɗaukar jaki na ɗauki kayansa. Na kuma sayi 'yar mai maɓallai ɗin nan mai tocila, wadda yara ke kira rakani-kashi, a gafarce ni, da ke yin kwana huɗu ba caji. Lambarta na ba ƙanwata da kawu, na ce in magana ta gaggawa ce su kira nan kai tsaye, ko nawa ne kuɗin kiran ni zan biya.

Jiya ma Alhaji ya ga na zazzage su uku a kan tebur ina neman biro. Ya girgiza kai ya ce, "Da ka haɗa kuɗin waɗannan ai da ka sayi waya."