Abin da muka gani a bakin kududdufi bayan ruwan farko



Duk wanda ya yi bazara a Bauchi ya san yadda watan Afrilu yake: zafi dare da rana, kowa ido na gabas yana jiran hadari. To a makon da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mu 'yan kaɗan daga unguwa muka je gaida wani dattijonmu da ke da lambu a bayan gari. A ƙarshen lambun akwai kududdufi, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Wata guda kafin nan mun gan shi a bushe ƙamas, laka ta tsattsage. Wannan karon ruwa ya kwanta a ciki har gwiwa. Gaisuwa muka je yi mu juyo, amma sai da muka yi sallar magariba a can.

Abin da muka fara gani shi ne shamuwa guda biyu a kan tsamiya, suna ɗauko kirare suna gyaran sheƙa. Baba ya ce shi tun yana yaro, in shamuwa ta sauka manomi ya fara duba iri da fartanya. Tsuntsuwar nan matafiyiya ce. A ƙasashenmu take yin ƙwai ta ƙyanƙyashe da damina, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke farawa. Fara da tsutsa take ci, shi ya sa iyayenmu ba sa bari yara su jefe ta.

Da muka matsa bakin ruwa, Baba ya nuna mana wani abu kamar dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere, ya nannaɗe a jikin ciyawa. Ƙwan kwaɗo ne. Cikin 'yan kwanaki zai zama talibambam, daga nan ƙafafu su fito, wutsiya ta ɓace. Wani matashi a cikinmu ya ce shi dai ya taso yana jin cewa da ruwan sama kwaɗi ke faɗowa. Baba ya yi dariya, ya ce: “Ɗana, suna nan tare da kai duk rani, a ƙarƙashin ƙasa da cikin ramuka masu sanyi. Ruwa ne kawai ke tashin su.” Kukan da ke hana mu barci kuwa na maza ne, suna kiran mata.

Haka labarin gaiwa yake. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafa da take shaƙar iska, domin kifi ce mai huhu. Watanni take yi a haka tana rayuwa da naman jikinta. Ashe maganar da manya ke yi cewa gaiwa jikinta take ci ba tatsuniya ba ce.

Kafin rana ta faɗi mun ga balbelu sun biyo shanun da suka zo shan ruwa, da zalɓe guda ɗaya tsaye cak a gefe kamar an dasa shi. Guza ya leƙo ya gan mu, ya koma ruwa da gudu. Da duhu ya fara, shinge ya taso ya rufe fitilar mai gadi, jikokin Baba suka fito da kwano.

A hanyar dawowa kowa ya yi shiru, sai can wani ya tambaya: ina kududdufan da muka sani muna yara? Birnin Bauchi tun zamanin Malam Yakubu da ƙasa aka gina shi, ganuwa da gidaje duka, kuma duk inda aka haƙi ƙasa rami ne ya rage. Ramukan nan su ke karɓar ruwan unguwa da damina. Yau da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai, waɗanda suka rage kuma sun zama juji. Ruwan sama bai ragu don mun cike masa mazauni ba. In Agusta ta zo, dole ya nemi wani wurin, kuma sau da yawa tsakar gidan maƙwabci ne ko gindin katangarsa.

Mun san abin da iyaye mata za su ce, kuma suna da gaskiya. Kududdufi yana cin yara. Wanka a ruwan kwance yana jawo tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi. Ga kuma sauro. Sai dai a nan akwai abin lura: ruwan da ke da kifi da ƙwarin ruwa, su ne ke cinye tsutsar sauro kafin ta yi fiffike. Ruwan da ya taru a tsohuwar taya, gwangwani, sawun mota da kwatar da leda ta toshe ba shi da mai cin ta, kuma cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro. Wannan a ƙofar gidajenmu yake.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa abubuwa kaɗan kafin damina ta kankama. Mu daina zuba shara a rami da kwata, mu fito ranar aikin gayya mu yashe magudanan layinmu. Inda kududdufi ya rage kusa da gidaje, masu unguwa da matasa su zauna a ga yadda za a kewaye shi. Kada a bar yaro ya je bakin ruwa shi kaɗai, kuma a hana wanka a ciki. A rataya gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun zo a buɗe musu ƙofa.

Sannan duk mai hali ya kama hannun ɗansa wata yamma ya kai shi ya ga abin da muka gani. Muna tara kuɗi mu kai yara Yankari kallon giwa da gwaggon biri, alhali da yawansu ba su taɓa ganin talibambam ba, ba su kuma san shamuwa in ta wuce ta kansu. Baba bai nemi ko sisi a wurinmu ba, ya ma haɗo mu da mangwaro.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana yaranmu da gidajenmu. Wanda ya tuna sunan wani kududdufi na unguwa da inda yake a da, ya faɗa mana, mu rubuta saboda na baya.